Wa Zai Yi Wa Suruka Bayani?

"…da ruwa, da iska, mijin wahala?"

"Lafiya lau, tsohuwar amarya. Haƙoran fa, ba su dawo daga yawo ba?"

Kaka ce ta leƙo rumfar bakin tafki, inda jikanta, direban jirgin ruwa, yake tsugune da ma'auni a hannu. A gabansa masai biyu ne irin na ɗauka, mai shago ya ba shi ya gwada: ɗaya mai ruwan magani shuɗi, ɗaya mai mayar da ƙazanta taki. Tun safe yake auna su da lungun bayan injin jirginsa, faɗi da tsawo da nauyi, duka biyun sun shiga. Abin da ya ƙi shiga shi ne zancen surukarsa. Makon jiya ya ɗauko ta, suna tsakiyar ruwa cikinta ya murɗa, dole ya karkata jirgi cikin ciyawar gaɓa, fasinja goma sha ɗaya suka duƙufa kallon yatsun ƙafarsu. Ranar ta ce ita da jirginsa har abada. Ga matarsa haihuwa yau ko gobe, uwarta kawai take kira, hanya kuma sai ta ruwa.

"Tukwane ka koma sayarwa?" in ji Kaka.

"Kujerar amarci na sayo miki."

"Ajiye wa surukarka. An ce kiwo ka kai ta."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Kaka, rage murya, akwai masunta a waje."

"Su suka ba ni labarin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan mai ruwan bula fa?"

"Shi ne mai sauƙi. A zauna, a danna, magani ya kashe wari. Lita ashirin yake ci, kwana biyu ya cika."

"Sai ka juye wa kifi, su ma su yi shuɗi."

"An hana. Sai an kai ramin da ke bayan kasuwar tsallake."

"Ta gaban teburin wa ake bi?"

Ta gaban teburin kifin surukinsa ake bi.

"Madalla," in ji Kaka. "Ka durƙusa ka gaishe shi da tulun a ka. Ya ce me ka kawo mana, ka ce ajiyar Inna ce na dawo da ita."

"Allah ya shirye ki. Yau kam sai na sake ki."

"Da wane bakin? Ni na goye ka, ka jiƙa min zane har ya koɗe, yau kai ne mai kunyar masai. Ɗayan fa?"

"Shi dusar katako yake so. Wata guda kafin a kwashe, kuma in an kwashe kamar ƙasar lambu."

"To me kake jira?"

Ya sosa ƙeya. "Ba ya son ruwa. Ba a zuba na buta a ciki, akwai kwanonsa daban a gefe. In an zuba ya lalace, jirgi ya ɗauki wari. Dole a yi wa mutum bayani kafin ya shiga."

"Kowane mutum?"

"Kowane."

"Gaba kura, baya sayaki." Ta zauna kan benci, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ni ce surukarka. Yi min in ji."

Ya gyara murya. "Inna… wato idan an zo… in buƙata ta… akwai wani kwano…"

"Na abinci, ɗana?"

"Kaka, don Allah."

"Kafin ka kai ƙarshen maganar nan an sake komawa ciyawa."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta sauke mayafin, ta juya tana kallon ruwa.

"Yaushe rabona da jirginka?"

"Shekara biyu. Kin ce tuƙina ne ba ki yarda da shi ba."

"Tuƙin ma abin tsoro ne. Amma awa uku a kan ruwa, ai tsohuwa ba ta da wannan riƙon."

Ya sunkuyar da kai. Shi da ya san yawan man da injinsa ke sha har cokali, wannan lissafin bai taɓa yi ba.

"Ɗauki mai dusar," in ji ta. "Gobe ni zan tsallaka da kai, in ja ta gefe, tsohuwa da tsohuwa. Ni zan fara shiga ma, ta ga na fito da raina."

"Ladanki fa? Na san ba kya aikin Allah."

"Takin. Duk wata, a gindin kabewata."

"Daga yau na daina cin kabewarki."

"Wadda ka cinye jiya har da suɗe kwano, da me ka zata ta yi ƙiba? Da turare?"

Dariya ta ƙwace masa. Ya rungumi mai dusar ya miƙe.

"Kin ci, amarya. Wuce gaba ki buɗe min ƙofar lungun."