Lissafin Otal ɗin Kaka

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙafar?"

"Ƙafa na nan, ta fi fuskarki kyan gani. Shigo, amarya, kar ki tsaya min a ƙofa baƙi su zaci mai karɓar haraji ce."

"Waɗanne baƙi? Tun daga bakin titi har nan ƙuda ɗaya na gani, shi ma fita yake yi."

Ta ja kujera ta zauna. Ofishin ɗan ƙuƙut ne a bayan teburin karɓar baƙi, fanka na juyawa a sama tana kuka. Tsohon kakanta ne, uban mahaifiyarta, shi ya gina otal ɗin shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ɗaki goma a ƙasa, goma a sama. Ita kuma malama ce a kwalejin koyon aikin otal, tana koya wa masu son zama manajoji yadda ake karanta lissafi a gane ko sana'a na numfashi. Mako biyu ke nan da banki ya aiko masa takardar gargaɗi kan bashin da yake bin sa, shi kuma ya tura mata littattafansa a cikin kwali, ya ce ta duba. Yau ta dawo da kwalin da amsa. Tun tana rarrafe yake ce mata amarya, kuma ba a taɓa jin sun yi maganar kirki ba tsiya a ciki.

"To, me kika gano, uwar iyayi?" in ji shi. "An ce har kuɗi ake biyanki ki tsaya gaban allo kina yi wa 'ya'yan mutane ƙarya."

"Ana biya. Kai ma yau ɗalibina ne. Gyara zama, ka cire hannu daga haɓa."

"Ni? Ina riƙe da otal tun ba ki iya ɗaura zani ba."

"Shi ya sa rubutunka ya yi kama da sawun kaza. Kwana uku na yi kafin in gane bakwai ɗinka ba ɗaya ba ce."

Ta zaro takarda guda ta shimfiɗa a gabansa, ta ja layi a tsakiya da biro.

"Saurara. Kuɗin da ke fita daga gidan nan iri biyu ne. Akwai wanda zai fita ko da baƙo ko babu: albashi, wuta, man janareta, na banki. Akwai kuma wanda sai baƙo ya kwana: sabulu, wanki, ruwa. In ka cire na biyun daga kuɗin ɗaki, ɗan abin da ya rage shi ke biyan na farkon."

"Wannan ne karatun? Mai sayar da gawayi ma ya san haka."

"Da ka tambaye shi tun bara. Sai ka cika ɗaki goma sha biyu kullum kafin ka tashi ba riba ba faɗuwa. Nawa kake cikawa?"

"Ya danganta da lokaci."

"Biyar."

"Shida!"

"Na shidan abokinka ne, tsohon direban nan. Wata bakwai ban ga inda ya biya ba."

"Yana biya da hira."

"Sai ka zuba hirar a janareta mu gani."

Tsohon ya yi tsaki, ya buga sandarsa a ƙasa. "Da na san haka bakinki zai zama, da tun ranar da aka haife ki na sake ki. Abu mai sauƙi ne, zan rage kuɗin ɗaki, mutane su cika gidan."

"Ka rage bara. Kashi ɗaya cikin biyar ka zaftare. Baƙi suka tashi daga huɗu zuwa biyar, ka yi ta murna. Ɗakunan da kake buƙata kuma suka tashi daga tara zuwa sha biyu. Mutum ɗaya ka samu, ka ci bashin uku."

"Ƙarya kike."

"Ga shi da sawun kazarka."

Ya ɗauki takardar, ya nesanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya ajiye. Ta taga ana hango bayan gida, inda mai wanki ke shanya zannuwan gado a kan igiya, farare tas, sun kai ashirin. Shekararsa ashirin da shida a gidan, bayansa har ya ranƙwafa.

Malamar ta bi shanyar da ido. "Baƙo biyar, zani ashirin. Su wa suka kwana a kan sauran?"

"Ba kowa," tsohon ya ce a hankali. "Masu tsabta yake kwasowa daga sama ya sake wankewa, don kar in gan shi a zaune. Ya zaci ban sani ba."

Fanka ta yi ta kukanta. Can ya ɗago. "Wata nawa ya rage min, ke mai baƙin labari?"

"Huɗu. In aka ci gaba a haka, a wata na biyar ba albashi, ba na banki. Ginin za su ɗauka."

"Ba wata dabara a cikin tulin digirin naki?"

"Akwai, amma ba daɗi. Ka rufe sama gaba ɗaya. Ka ba da hayar ɗakin cin abinci ga wanda zai iya da shi. Ma'aikata tara ne, ka sallami huɗu. In ka yi haka, ɗaki shida zai riƙe ka."

"Ga shi kuwa ina da shida."

"In na shidan ya fara biya, ko ya ba wani wuri."

"Mutumin da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka sayar da gidan? Ina zai je?"

"Ban sani ba, Kaka." Rabon da ta kira shi Kaka har ta manta. "Ban iya wannan lissafin ba."

"Ashe akwai abin da ba ki iya ba. Alhamdu lillahi, yau na ga ranarki." Ya yi ƙoƙarin murmushi, abin bai zauna ba. "Su wa ye huɗun?"

"Ban rubuta suna ba. Ayyuka na rubuta."

"Ayyukan nan kowanne da fuskarsa. Karanto."

Ta karanto: mai dafa abinci, mai share sama, ɗaya cikin masu karɓar baƙi, sai wanki, wanda ta ce ya fi araha a riƙa kai shi waje. Tsohon ya rufe ido yana gyaɗa kai, kamar mai jin sunayen da ya riga ya haddace.

"Na sani," ya ce. "Tun bara na sani. Ba sai da digiri ake ƙirga mukullan da ke rataye a allo ba."

"To me ya sa ka sa na kashe mako biyu ina fama da rubutunka?"

"Don in samu wanda zan ɗora wa. Zan ce musu ba ni ba ne, amaryata ce muguwa, ta zo da biro ta yanka su."

"Ka faɗa. Dama ɗalibaina haka suke cewa. Amma ka biya su haƙƙinsu cif, na ware shi a shafi na biyu. Yanzu kana da shi. Nan da wata huɗu ba ka da shi."

Ya juya shafin, ya daɗe yana kallo. "Wannan kam kin yi abin kai. Wa ya koya miki tausayi? Ba dai a danginmu ba."

"Saura ladana."

"Lada? Kin kashe ni kuma in biya ki?"

"Ba kuɗi nake so ba, ba ka da su. Littattafan nan nake so. Ɗalibaina otal ɗin ƙarya suke lissafawa a takarda, wanda ba mai kuka in ya rushe. Ina so su ga na gaske."

"Gawata za ki kai aji su feɗe?"

"Ai ba ka mutu ba tukuna. Suma ka yi."

"Su yi ta dariya suna cewa ga wani tsohon banza?"

"Rabinsu a inda ka faɗi za su faɗi. Gara su faɗi a kan allo."

Tsohon ya dube ta, ya dubi kwalin. Sai dariya ta ƙwace masa, gajeriya, ta ƙare da tari har ya share ido da bakin riga. Ya sa sanda ya turo mata kwalin a ƙasa.

"Ɗauki, kin ci. Ki goge sunana, ki kuma gaya musu mai otal ɗin kyakkyawa ne, matarsa ce dai ba a dace ba."

"Zan ce musu yana da haƙori huɗu."

"Biyar!"

"Na biyar ɗin yana rawa."

Ta rungumi kwalin ta miƙe. Har ta kai ƙofa ya kira ta, muryarsa ta sauka ƙasa.

"In kin fita, ki biya ta baya. Ki ce da mai wanki in ya gama shanya ina son ganinsa. Ki ce kar ya yi sauri."