Rasuwar Tagwaye, da Aski ga Lopeti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, ni Melenaite Fifita ta garin Neiafu nake sanar da rasuwar Tagwaye, akwatin ajiyarmu na kwamfuta mai faifai biyu, wanda ya riƙe waƙoƙin ƙungiyar cocinmu tun daga kan iyayenmu.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da "kirrr, tik-tik" ɗinsa. Ladabi ne ya kashe shi: duk abin da faifan farko ya yi, na biyu sai ya kwaikwaya, ba ya tambaya.

Ciwon ajalinsa Lopeti ne, ɗan ƙanena marigayi Sitaleki. Shi ya haɗa mana akwatin. Na ce masa a riƙa kwafe waƙoƙin a wani faifai dabam, ana aika wa 'yar'uwata a Auckland. Ya kaɗa gashin nan nasa da ya sauko har gadon baya, ya yi dariya.

"Haba Gwaggo, faifai biyu ne fa! In ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Ke dai ki tsaya a kan waƙarki."

Na tsaya. Ranar Asabar ya nemi wurin zuba bidiyon wasannin ƙwallon zari-ruga, ya ga rumbun da aka sa wa suna "tsofaffi", ya goge bai ko leƙa ba. Faifai na biyu ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, maimakon ya shafa wa nasa ruwa sai ya miƙa shi. Sannan wasannin suka hau kai suka danne komai. Mai gyara ya duba ya ce faifan duka lafiyarsu lau. Koriyar fitila tana ci, rai ne babu. Ni na zare wayar wutarsa da hannuna.

Marigayin ya bar wasannin zari-ruga masu ɗimbin yawa, da kwalin da ya zo ciki, da gwaggo guda wadda ba ta yafe ba.

Za a yi jana'iza ranar Laraba a gindin mangwaron bayan coci. Kowa ya zo da baƙaƙen kaya da tabarmarsa a ƙugu. Lopeti zai ɗaura yagaggiyar tabarmar nan mai rufe mutum har ka, ya wuni a bakin murhu yana feraye doya. Da yake ni ce yayar ubansa, al'ada ta ba ni gashinsa, kuma na wasa almakashi.

Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba, na bari ya karanta a nan tare da kowa. Lopeti, cikin "tsofaffin" nan har da muryar babanka, yana rera waƙar da ya tsara ranar da aka haife ka. Babu ta a ko'ina kuma.

Kada ka makara.