Hotunan Shekara Huɗu a Yini Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tafi Gashua da jakar kaya kala huɗu ba.

Matata Falmata 'yar Gashua ce, amma a Kanada aka haife ta, lokacin da mahaifinta ke karatun likita, don haka 'yar ƙasa ce a can. Ni kuwa ɗan rakiya ne. Ta dalilinta na samu katin zama na dindindin (zaman ne dindindin, katin kansa ƙarewa yake yi). Ba mu daɗe a can ba mahaifina ya rasu, muka dawo Nguru na riƙe shagonsa na hatsi, har shekara huɗu.

Sai ga katin ya kusa ƙarewa. Falmata na da cikin fari wata bakwai, kuma an yi mata tayin aiki a can bayan ta haihu. Idan ba a sabunta mini ba, ita da jaririn za su hau jirgi, ni in tsaya a Kano ina ɗaga hannu. Dokarsu ta ce zaman da ka yi a waje tare da matarka 'yar ƙasa ana lissafa maka shi, amma sai ka kawo shaidar cewa tare kuke.

Na shiga bincike. Takardar wuta da sunan marigayi take. Gidanmu ba shi da lamba, "bayan tashar jirgi, kusa da mai niƙa" muke kwatance. Na buɗe waya, hotunan buhunan gero ne da ragunan layya. Duk bikin da muka je, maza na waje mata na ciki. Shekara huɗu, babu hoto ko ɗaya da ni da matata muke tare. Tsoro ya kama ni sosai.

Nan na yi dabara: mu je a ɗauke mu, muna sauya kaya, kowane hoto in ba shi shekararsa.

"Yaya, wannan fa ƙarya ce," in ji Falmata.

"Ba ƙarya ba ce, gaskiya ce muka makara ɗauka."

Na zaɓi Gashua saboda duk mai hoton Nguru a wurina yake awo. (Cewa garin surukina ne kuwa, sam bai zo mini a rai ba. Ku ji hankali.)

Mai hoton ya fi ni zumuɗi. Ya sauke mana labulen lambu, ya sauke na bakin teku. Tsakanin shekara da shekara ina leƙawa wurin mai aski na kusa a rage mini gemu, don in ƙara yarinta. Da muka zo na ƙarshe ya ce, "Alhaji, wannan tsayuwa taku kamar a sahu, Turawa ba za su yarda ba. Matso mana! Rungume ta, ɗora kanka a kafaɗarta."

Na runguma. Na ɗora kai. Har da lumshe ido, abin da ba wanda ya sa ni.

Sai aka yi sallama, da muryar da na sani. Baba ne, mahaifin Falmata, ya zo hoton fasfo na tantance 'yan fansho. Mutumin da ko tabarma ɗaya ban taɓa haɗawa da shi ba. Wallahi na umarci hannuna ya sauka, ya ƙi. Falmata ce ta zame, ni kuma na zube ƙasa ina gaisuwa, ina ba shi labarin da bai tambaya ba.

Bai yi faɗa ba. Ya sa tabarau, ya ce a juyo masa kwamfutar da hotunanmu ke ciki.

"Wannan na wace shekara ne?"

"Ta farko, Baba."

"Wannan fa?"

"Ta huɗu."

"To, Malam, na tsufa ina duba masu ciki, ban taɓa ganin wanda ya shekara huɗu yana wata bakwai ba."

Mai hoto ya shige bayan labulen teku yana tari. Baba ya cire tabarau ya ce, "Da ka tura waɗannan suka gane, ba katin kaɗai za ka rasa ba. Ƙofar za su rufe maka, ɗanka ya yi wayo yana ganinka a waya." Kunyar ma sai da ta jira tsoro ya gama da ni.

Shi ya zaunar da ni na rubuta gaskiya tsagwaronta: a garinmu miji da mata ba su saba hoto tare ba. Muka haɗa da katin awon ciki mai sunana, da wasiƙar mai unguwa, da ta liman, da tasa. Watannin jiran nan, wayata na yin ƙara sai in yi wuf in duba. Sai bayan suna amsa ta zo, an amince.

Da na je yi wa Baba godiya, na durƙusa a falonsa, na ɗaga kai, sai ga ni a bango cikin firam, a bakin teku, ido a lumshe. Ashe ya koma ya sa an wanke masa. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa, ya ce, "Surukina ke nan, a shekara ta farko."

Abin da na koya shi ne, Bature in ya gamsu yana rufe fayil. Suruki ba ya rufewa.