Ta'aziyyar Da Na Kai Bauranya

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ta'aziyyar da na kai Bauranya ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina rubuta kundin kammala karatu a kan yadda marubutan Turanci na zamani ke bayyana mutuwa da makoki a littattafansu. Na karanta labaran matan da suka rasa mazajensu har na ƙoshi, na kuma yanke hukunci ni kaɗai cewa mu Hausawa ba mu iya jimami ba. Daga "ya haƙuri" sai "Allah ya jiƙansa", a shafa addu'a, kowa ya nemi takalminsa. (Kaina ya kumbura sosai a lokacin, ku yi mini uzuri.)

Ana nan sai mijin Goggo Hajo, yayar babana da ta riƙe ni ina ƙarami, ya rasu. Na hau babur daga Kankia zuwa ƙauyensu Bauranya ranar sadakar uku, ina ta tsara jawabi a hanya. Niyyata in sa Goggo ta amayar da abin da ke cin ranta, don a littattafan nan duk wadda ta haɗiye kuka sai ta zauce kafin babin ƙarshe. Kuma tsakani da Allah tsoron hakan nake ji mata.

Na same ta a ɗaki cikin lulluɓi, mata sun kewaye ta. Maimakon in yi addu'a in tashi kamar kowa, sai na gyara zama.

"Goggo, ki daina dannewa. Ki faɗa mini yadda kike ji. Ki yi kuka, ina nan."

Wata tsohuwa har ta daina jan carbinta.

Goggo ta dube ni ta ce, "Mi kake so in ce, ɗan nan? Wanda ya ba mu shi ya amshi abinshi. Ka ga zabbin can biyu a tsakar gida? Malam ya hana a taɓa su, ya ce sai ranar da ka ƙare boko za ya yanka maka da hannunshi."

Jama'a, ban san lokacin da na fashe ba. Kuma ba hawayen mutunci ba, kuka ne mai sauti har da majina, irin na yaron da aka yaye. 'Yan'uwa maza da ke zaune a ƙofar gida suka yo ciki da salati, sun ɗauka wani ne ya sake cikawa. Suka tarar da masanin makoki ya kifa kai a cinyar mai takaba, tana bubbuga masa baya tana cewa, "Haƙuri ake yi, ɗan nan, haƙuri ake yi."

Matan da suka shigo bayan nan ni suka fara yi wa ta'aziyya.

Na dai koyi cewa shirun Goggo ba rashin jin zafi ba ne, daurewa take yi don irina su samu wurin jingina. Har gobe kuwa in an yi rasuwa a dangi, sai ta aiko a ce mini in tsaya wajen maza, ita ba ta da ƙarfin lallashi.