Ƙofofi Huɗu na Injiniya Jalal

Duk faɗin Yelwa babu mai kai irin na Injiniya Jalaluddeen, kuma daga bakinsa muka ji, don haka ba ma musu. 'Yan kabu-kabu na kiransa Sarkin Danne-danne. Ko shayi zai sha sai ya buɗe kwamfuta tukun.

Shi ƙungiyar masu jiragen ruwa ta ba aikin shafin intanet. Wasu masu taimako za su raba rigunan ceto, amma sai wanda ya yi rajista a shafin kafin Juma'a. Malam Cindo, shugaban ƙungiya, ya ce shafi uku yake so: na Yelwa, na Wara, na Shanga.

Injiniya ya gyara tabarau. "Malam Cindo, manhajar da ke haɗa shafi kamar magini take. Akwai fayil guda da ake jera mata ƙofofin shiga, kowace da sunanta, ita kuma ta gina. Ilimin nan mu biyu ne muka san shi a Arewa, ɗayan kuma ya bar ƙasar."

Saboda karamci har ƙofa ta huɗu ya ƙara, mai ɗauke da hotonsa cikin farar shadda, yana kallon sama. Da ya zo raɗin suna, ya duba duniya bai ga wanda ya kai nasa daɗi ba, sai ya sa wa duk huɗun Jalal. Manhaja kuwa ba ta san girma ba. In suna ya maimaitu, na ƙarshe kaɗai take riƙewa, kuma na ƙarshen shi ne hoton.

Kwana uku ba wanda ya yi rajista. Kowa ya danna sai ya ga Injiniya. Cindo ya tsorata ƙwarai, don ruwa ya fara cika kuma mutanensa ba riga. Injiniya ya ce laifin sabis ne.

Ranar Alhamis Hamdiyya, sakatariyar ƙungiya, wadda Injiniya bai taɓa tambayar abin da ta karanta ba, ta jawo kwamfutar. Ta canza sunayen zuwa yelwa, wara, shanga. Kafin la'asar sunayen masu rajista sun fara shigowa.

Ana cikin haka sai ga dattawa uku daga Shanga, a jigace. Babbansu ya yi sallama, ya ga Injiniya a zaune, ya ja da baya.

"Ashe kana raye? Mu da munka ga hoto ko'ina, gaisuwar mutuwa munka taho."