Yadda Ake Zaɓen Likitan da Zai Goge Maka Tsagar Gado

Kai mai tsaga a kumatu, da ka gaji da 'yan birni suna tambayarka ko da kyanwa kuka yi kokawa, matso kusa. In ka bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbaci fuskarka za ta canza har wadda ta haife ka ta tsaya tantama. Ba da ka nake faɗa ba. An gwada hanyar a kan Lukuman na Dangoma, autan Inna Rabi makauniya, wanda ya samu aikin tarbar baƙi a wani otal a Abuja, ya rantse ba zai tsaya gaban manyan mutane da layi shida-shida a kunci ba. Duk abin da ya yi, kai ma yi.

Mataki na 1: Kada ka shawarci mutanen gida

Ba su san ci gaba ba, musamman uwa. Tun da idon Inna Rabi ya rufe, duk sanda Lukuman ya dawo daga tafiya sai ta sa ya durƙusa, ta bi tsagar da yatsa tana ƙirgawa. Sai ta cika shida nan, shida can, sannan ta ce, "Auta, sannu da hanya." To mai irin wannan ɗabi'a za ka tambaya? Ce mata za ka Birnin Kebbi karɓo takarda. Shawara ta gaskiya tana majalisar bakin tashar Kalgo, inda kowa ya san wani da ya san wanda aka yi wa.

Mataki na 2: Je wurin mai takardu, don ka gane irin wanda za ka guje wa

Lukuman ya je wani babban asibiti a Sakkwato, aka haɗa shi da Dokta Ruƙayyatu, likitar da ke ɗinke leɓen jariran da aka haifa da shi a tsage, ta kuma gyara fatar waɗanda suka ƙone. Alamar irinsu ta farko ita ce yawan tambaya. Yana da ciwon suga? Yana shan taba? Har hannun riga ta sa ya naɗe, ta tsura wa lambar rigakafin da ke dantsensa ido, wadda ta yi tudu kamar ƙwarar gyaɗa.

"Malam Lukuman," in ji ta, "fatarka irin mai kumbura ce in ta warke. In aka kankare wurin nan, abin da zai fito zai fi tsagar muni. Ana iya rage ta kaɗan, a hankali, cikin watanni. Amma duk wanda ya ce zai goge maka ita sumul, ka ce ya fara nuna maka lasisinsa."

Ka ji fa. Likitan da ya ce ba zai iya ba, ai ya kayar da kansa jarrabawa da bakinsa.

Mataki na 3: Binciki asali

A ƙasar nan mun san yadda ake gane gwani. Ɗori gado ne, ƙira gado ce, wanzanci gado ne. Ba a tambayar maɗori makarantar da ya yi, sunan kakansa ake tambaya. Don haka Lukuman ya gyara zama ya ce, "Likita, shin aikin ga gado ne, ko haye kinka yi?"

Ta yi dariya ta ce, "Babana masunci ne."

Nan take ya ɗauki hularsa. A mota ma bai huce ba, yana ta faɗa wa fasinjoji, "Ɗiyar masunci hwa! Huskata ba tarwaɗa ba ta."

Mataki na 4: Nemi wanda ya gada

Majalisa ta tura shi Gwandu, bayan kasuwa, shagon Dokta Kamal. Farar riga har gwiwa, abin awon ƙirji a wuya ko da yana cin rake, kuma kakansa shi ne wanzamin da ya tsaga rabin mutanen Dangoma. Kallo ɗaya ya yi wa Lukuman ya ce, "Aikin kakana na wanga, na gane hannu nai. Gidan da anka tsaga, nan aka gogewa."

Za ka ga takarda cikin gilashi a bango, can sama kusa da rufi. Kada ka hau benci don ka karanta, rashin ladabi ne. Lukuman sai daga baya ya karanta, ya tarar shaidar halartar taron kwana uku ce kan rigakafin kaji. Za kuma a nuna maka hoton mutum kafin aiki da bayan aiki. In ka lura kunnuwan ma ba iri ɗaya ba ne, wannan ya nuna maka zurfin aikin.

Mataki na 5: Kwanta, yi shiru

Kamal ya yi alkawarin gamawa kafin la'asar, ya kuma cika. Ya kankare da reza, ya shafa wani mai daga kwalbar da ba ta da suna. In ka ji zafi har cikin haƙora, magani ne ke aiki.

Mataki na 6: Saba da rawani

Bayan wata biyu layuka goma sha biyun nan sun haɗe sun zama tudu biyu, masu sheƙi da ƙaiƙayi, kamar kunyar dankali. Dole Lukuman ya koma naɗa rawani don ya rufe su. Kada ka koma shagon, a kulle yake, maƙwabta sun ce Dokta ya tafi ƙaro ilimi. Manajan otal ya dubi Lukuman sau ɗaya ya mai da shi sashen wanki, inda baƙi ba sa leƙawa.

A nan an yarda ka koma wurin ɗiyar masunci. Abin haushi da ita, ko "na gaya maka" ba za ta ce ba, balle ka samu abin yin fushi. Ta fara yi masa allura wata-wata, ta ce tudun zai kwanta a hankali, amma tsagar ba za ta dawo ba.

Mataki na 7: Gwada sakamakon a gida

Lukuman ya koma Dangoma, ya yi sallama, ya durƙusa gaban Inna Rabi, ya kwance rawanin. Ta ɗora yatsa ta fara nema. Ta bi kuncin dama har kunne, ta dawo, ta koma na hagu, ta sake farowa. Shi kuwa bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Inna, ni na. Auta."

"Na ji murya," in ji ta, hannunta bai bar fuskar ba. "Ranas suna ina ɗaki ina jin kukanka, sa'ad da anka yi ma ita. Tun da idona yar ruhe, ita ɗai nika iya gani a duniya. Ina ka kai ta?"

Ya kifa kai a gwiwarta yana kuka, ita ce ma ta koma lallashinsa.

Na dai yi maka alkawarin wadda ta haife ka za ta yi tantama, ka kuma ga na cika.

A kula

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, bai gaji likita ba, ko kaza bai taɓa yi wa allura ba. Duk wanda ya bi matakan nan, fuskarsa ce, shi ya kai ta da ƙafarsa. Mai ƙorafi ya kai majalisar tashar Kalgo, za su rantse masa ba su taɓa jin sunan Kamal ba. Shi kuwa marubucin, tasa tsagar tana nan cif, ko ɗaya bai bari an taɓa ba.