Paris Ɗin Malam Tasi'u

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Tasi'u Na Faransa. Ba wanda ya laƙaba masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta a ƙofar shagonsa na takalma. Wai shekara huɗu ya yi a Paris yana saurayi. Tun daga nan komai na garin nan ya daina burge shi. In aka ba shi burodi, sai ya latsa ya girgiza kai, ya ce na can dogo ne kamar sanda. In aka yi ruwan sama, ya ce a can sai an sanar a rediyo kafin a sako shi. Ko atishawa ya yi, sai ya ce murar Paris ce ba ta gama sakinsa ba. Shekara ashirin ke nan tana nan.

Ni sunana Ladidi. Boko a aji shida na tsaya. Mijina Malam Haladu ya rasu bara waccan cikin azumi, Allah ya jiƙansa. Da na fita takaba, Yaya Badamasi ya ɗauko ni daga Zariya ya kawo ni gidansa a Funtuwa, ni da akwatunan ƙarfe biyu. Ɗaya kayana ne. Ɗayan na marigayi ne, kuma tun ranar da aka kai shi makwanci ban iya buɗe shi ba. Shimfiɗa masa zani na yi, na ɗora kwanuka a kai.

A wani taron suna Tasi'u ya gan ni. Lokacin matarsa ba ta daɗe da fita ba, an ce labarin Paris ne ya ishe ta. Ya fara zuwa da la'asar, turare na riga shi shigowa zaure. Ba zan ɓoye muku ba, na saurare shi. Na daɗe ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci.

Zuwansa na uku ya taho da littafi mai shafi arba'in, ya ja layuka da rula. Wai tsarin yawon amarcinmu ne. Da an ɗaura aure sai jirgi, kwana bakwai a Paris. Masauki a gindin doguwar hasumiyar nan ta ƙarfe, a otal ɗin wani Bature abokinsa da har yanzu yake kuka in ya tuna da shi. Litinin mu huta gajiya. Talata mu zaga gari. Laraba bakin teku. Alhamis dutsen ƙanƙara. Ya ce duk kusa suke, kamar Funtuwa da Bakori, mu fita da hantsi mu dawo kafin la'asar.

Na tambaye shi me za mu ci. Ya ce akwai wata mai tuwo a bayan hasumiyar, ta san shi. Na tambayi alƙibla. Ya nuna da hannu ba tare da ya yi tunani ba, kamar yana tsaye a can. Na ce to fasfo fa? Ya ce nasa ya cika da hatimi har ba wurin bugawa, ya ba da a ƙara masa shafi.

Saude, matar Yaya, tun daga ranar ta koma kirana Madam. In na ɗauki tsintsiya sai ta ƙwace, wai kada hannuna ya yi kaushi a gaban Turawa. Yaya Badamasi kuwa ya ce ba zai matsa mini ba, amma mutum ba ya ta sintiri a ƙofar gida ba amsa. Ranar Juma'a Tasi'u zai zo da abokansa, in faɗi e ko a'a a gabansu. Har zuwa safiyar Juma'ar nan, e ce a bakina.

Ana saukowa daga masallaci sai ga shi da mutum biyu, Isyaku mai sayar da tayoyin mota da Malam Garzali. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, ni da Saude muka zauna daga bakin ƙofa. Tasi'u ya gyara murya, ya zaro wata ambulan daga aljihun gaba a hankali. Ya ce hotuna uku ne, bai cika nuna su ba saboda baki, amma ya kamata amarya ta ga inda za a kai ta.

Na farko ya fara isa hannun Yaya. Ga hasumiya, ga Tasi'u cikin baƙar kwat har gwiwa, ya riƙe ƙugu. Yaya ya matso da hoton kusa da ido, ya ce wannan na gefe kamar bishiyar mangwaro. Tasi'u ya ce mangwaro ne, daga Afirka aka kai shi, gwamnati ke ba shi ruwan ɗumi safe da yamma.

Na biyu bakin teku ne. Isyaku ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, ƙafar Tasi'u a kan ledar ɗaki take. Tasi'u ya yi dariyar tausayi. Ya ce a can shimfiɗa wa bakin teku leda ake yi, kada yashi ya ɓata wa mutane takalmi.

Na uku dutsen ƙanƙara ne, fari fat. Fuskar Tasi'u na sheƙi, ya ce ƙanƙara ce ke narkewa a goshinsa. Saude ta nuna wani abu mai kusurwa huɗu a sararin sama, mai zanen fulawa, ta ce wannan fa? Ya ce tutar garin ce.

Sannan hotunan suka iso hannuna.

Kwat ɗin na fara ganewa. Maɓallinta na uku fari ne, sauran baƙaƙe. Ni na ɗinka shi, daga tsohuwar rigata na ciro. Na duba tutar garin. Atamfata ce, ta cikin lefena.

Abin da Tasi'u bai sani ba shi ne, a Funtuwa, inda yake zuwa sarin hatsi, kowa Haladu mai hatsi ya sani. Amma kafin hatsi, shekara goma sha biyu ya yi yana ɗaukar hoto a Sabon Garin Zariya, sai da wayoyi suka kashe sana'ar ya rufe shagon. Labule uku gare shi da mutane ke tsayawa a gabansu, da kwat ta aro ga mai so. Wani mai fenti ne ya zana masa, mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba. Shi ya ga gefen hasumiyar ya yi fili da yawa, ya dasa mangwaro. Labulen ƙanƙarar kuma ɓera ya ci, na yi masa faci. Har na tuna ranar da Haladu ya dawo gida yana dariya har da riƙe ciki. Wai wani ma'aikacin gidan burodi ne ya zo tsakiyar zafin bazara, ya dage sai da kwat, ya yi ta zufa har sai da aka yi masa fifita.

Dariyar Haladun nan ce ta dawo mini a kunne. Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba.

Tasi'u ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar ta, farin ciki ne. Duk wadda ta ga Paris haka take yi."

Na miƙe na shiga ciki, Saude ta biyo ni tana tambayar lafiya. Na sauke kwanuka, na yaye zanin, na buɗe akwatin. Ƙamshinsa na nan, ya gauraye da na kafur. Na ɗan jima a durƙushe. Sannan na ce Saude ta kama mini, na ware kwat ɗin gefe, muka fito da labulen nan uku, muka kwashe wankin da ke kan igiya, muka baza su ɗaya bayan ɗaya. Saude ta dubi igiya, ta dube ni, ta toshe baki da mayafi ta zauna a kan turmi.

Na koma zaure na ce, "Yaya, a shigo da baƙi tsakar gida, akwai abin da zan nuna musu."

Tasi'u ne a gaba, yana tafe yana ba Malam Garzali labarin jirgin ƙasa mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Yana ɗaga kai ya tsaya cak.



Ga hasumiya da mangwaronta, iska na kaɗa ta. Ga teku, kazar Saude ta ɓullo ta ƙarƙashinsa da 'ya'yanta. Ga dutsen ƙanƙara da tutar gari. Isyaku ya ɗaga hoto, ya dubi igiya, ya sake duban hoto. Ya matsa ya shafa mangwaron da yatsa.

Tasi'u ya yi wuƙi-wuƙi da ido. Ya ce ai wannan kwaikwayo ne, masu zane sukan kwafo daga ainihin wurin.

"Har da tutar?" in ji Yaya.

Saude ta juya labulen ƙanƙarar ta baya, ta nuna musu ɗinkina, zare ja, layi a karkace. Ni kuma na miƙa wa Tasi'u kwat ɗin, farin maɓallin na sama.

"Gwada mu gani, Malam Tasi'u. Marigayi ya ce ta ɗan yi maka yawa a kafaɗa. Ga mafici nan in zafi ya dame ka, kamar wancan karon."

Malam Garzali ya tambaye ni a ina shagon hoton marigayi yake. Na ce Sabon Gari, daura da gidan burodi. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Shi ya sa ya san burodi haka."

Isyaku ya fashe da dariya har ya dafa bango. Zufa ta keto wa Tasi'u, goshinsa ya yi sheƙi sak irin na hoton. Saude ta leƙa fuskarsa ta ce ga ƙanƙara ta fara narkewa.

Yaya Badamasi ya danne dariyarsa da ƙyar, ya ce to Ladidi, mutane na jiran amsa.

Na ce, "Yaya, inda zai kai ni ina da shi a akwati, me zan bi shi in yi?"

Na juya wajen Tasi'u, wanda ya fara laluben hanyar zaure da baya da baya.

"Amma tsarinka ya yi, Malam. Gaskiya ka faɗa, duk kusa suke. Daga Paris zuwa teku taku uku ne. In za ka zaga ka yi sauri, hadari ya haɗo, zan kwashe Faransa kada ta jiƙe."